Turakun ƙarfe na shingen waya: fayif ko angil, kuma yaya ake kafa su a ƙasar Legas?

Mai Raguna, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin aikin ƙarfe da gini. Ina da filoti biyu a haɗe a wajen Badagry, kowanne ƙafa 60 a 120, wato kewayensu duka ƙafa 480 ke nan. Tun da gwamnatin jiha ta sa hannu a dokar hana kiwon sake a shekarar 2021 na ga babu mafita sai in killace wurin, domin a nan nake tara raguna kafin Babbar Sallah. Shekara uku da suka wuce na ba wani mai walda aikin, ya yanka angil, wato dogon ƙarfen nan mai leɓe biyu da siffar harafin L, ya shafa masa jan fenti, aka kafa da siminti, aka ja ragar waya tare da layi biyu na waya mai ƙaya a sama. A watan Yulin bana, bayan wani ruwa da aka kwana ana yi, turken kusurwa ɗaya ya kwanta, ragar ta saki tun daga wannan kusurwa har kusan tsakiyar fili. Da na je dubawa na dafa wani turke da hannu ɗaya kawai, sai ya karye daidai inda ya fito daga cikin siminti, kamar busasshen karan dawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne daga gwiwa zuwa sama ƙarfen lafiyarsa ƙalau, har fentin yana nan. Yanzu zan sake aikin gaba ɗaya, kuma ba na son in zuba kuɗi a rami sau biyu. Fayif zan saya ko angil? Wane kauri? Kuma me ya sa duk suka ruɓe a wuri ɗaya?

Mai Walda, Owode Onirin:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin a kai ga maganar fayif ko angil, ina roƙonka ka ɗauko guntun turken da ya karye, ka auna kaurinsa a can sama inda tsatsa ba ta ci ba. Ina kyautata zaton ba zai wuce milimita 2 ko 3 ba, domin irinsa ne ake yi wa gilashin taga da ƙananan teburi, kuma shi ne wanda mai aiki yake ɗaukowa idan an matsa masa a kan farashi. A ganina angil bai yi laifi ba. Na shekara fiye da ashirin ina wannan sana'a, kuma har gobe angil nake ba mutane shawara a turakun tsakiya, saboda ba shi da ciki da zai ɓoye ruwa, duk jikinsa a fili yake, ido yana ganinsa, burushin fenti yana kai wa ko'ina, kuma huda shi domin ɗaura waya ba wuya. Abin da nake so ka nema shi ne mai faɗin milimita 50 a 50 da kaurin milimita 5. Idan aljihu bai kai ba, mai 40 a 40 da kaurin 4 zai yi a tsakiya, amma kada a sauko ƙasa da haka. Kada kuma ka tsaya a kan abin da mai shago ya faɗa da baki. Mita ɗaya na mai 50 da kaurin 5 nauyinsa wajen kilo 3.8 ne, saboda haka sanda mai tsawon mita 6 ya kamata ta kusa kilo 23. Ka sa a ɗora a sikeli a gabanka, ka kuma ja tef a kanta, domin ni kaina na sha sayen sandar da aka ce mita 6 ce, da na kai shago na tarar ba ta cika ba.

Injiniya, Obalende:
Salamu alaikum. Maganar sikeli da Malam Mai Walda ya kawo gaskiya ce, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Zan amsa tambayar Alhaji ta ƙarshe, domin a can ne gizo yake saƙa.

Tsatsa tana bukatar abu biyu a lokaci guda, danshi da iska. Can ƙasa a cikin siminti akwai danshi amma iska ba ta isa sosai, sannan shi kansa simintin yana kare ƙarfe. Can sama kuwa akwai iska, amma da rana ta fito ƙarfen ya bushe. Wurin da waɗannan biyu suke haɗuwa kullum shi ne wuyan turke, daidai inda ya fito daga ƙasa. A nan ne ruwa yake kwanciya, ciyawa ta rufe, ƙasa ta manne, a wurinka kuma Alhaji ga fitsarin dabbobi da taki, waɗanda suke cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Ga gishirin da iskar teku take kawowa Badagry dare da rana. Sai kuma a yi rashin sa'a, wannan wuri da ya fi ruɓewa shi ne kuma wurin da ya fi ɗaukar nauyi. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da dogon ƙarfe ya san cewa gwargwadon tsawon ƙarfen, gwargwadon ƙarfin da yake samu a gindinsa. Idan rago ya soki raga, ko waya ta ja kan turke, duk wannan ƙarfi a wuyan turken yake taruwa. Shi ya sa bai karye a sama ba, kuma ko an sake sau goma a nan zai karye, muddin ba a gyara wannan ɗan wuri mai tsawon taƙi ɗaya ba.

Inda zan saɓa da Malam Mai Walda shi ne a kan siffa. Angil yana da ƙarfi ta wani gefe, yana da rauni ta wani, kuma idan aka ja shi daga leɓe ɗaya yakan murɗe. Fayif kuwa ta duk inda aka tura shi ƙarfinsa ɗaya ne, kuma ba ya murɗewa da sauƙi. Akwai ma wani lissafi da ya kamata mai saye ya sani. Fayif da ake kira inci ɗaya da rabi faɗinsa ta waje wajen milimita 48 ne, mai inci 2 kuwa wajen 60. Idan kaurin jikinsu ɗaya ne, nauyin ƙarfen da aka ƙara wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne, amma tsayuwarsa a gaban lanƙwasa ta kusa ninkawa biyu. Saboda haka wanda yake son turke mai tauri ya fara duba faɗi kafin ya duba kauri, sai dai kuma kaurin shi ne ajiyarsa a gaban tsatsa, don haka ba a sakaci da shi.

Hajiya Mai Kaji, Ikorodu:
Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma ni fayif ya taɓa yi mini abin da ba zan manta ba. Lokacin da na kewaye gidan kajina, fayif mai inci 2 aka sa mini, sababbi fil, aka bar bakunansu a buɗe, ni kuma ban san cewa wannan matsala ce ba. Bayan damina biyu wata rana na jingina da ɗaya ina ƙirga tiren ƙwai, sai na ji ƙarar ruwa a ciki. Yaron gidan ya huda gindinsa da ƙusa, jan ruwa ya yi ta zuba kamar an yanka dabba. Daga waje fenti yana ƙyalli, daga ciki an cinye shi saura ɓawo. Tun daga ranar na ce abin da idona ba zai ga cikinsa ba, ba zan ƙara kafa shi a ƙasar da ake ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba ba.

Injiniya, Obalende:
Hajiya, abin da ya same ki laifin wanda ya bar bakin a buɗe ne. Ana rufe kan fayif da faifan ƙarfe a yi masa walda zagaye, ko a sa masa hular roba mai kama shi sosai. Ko an rufe ma, zafin rana da sanyin dare suna sa gumi ya taru a ciki, shi ya sa ake huda ɗan ƙaramin rami kaɗan a saman siminti domin ruwan ya sami hanyar fita. Wasu kuma suna cika fayif ɗin kusurwa da kankare har baki. Duk da haka na karɓi hujjarki a kan turakun tsakiya, domin guda arba'in da wani abu ne, kuma ba kowa ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba huluna ba.

Mai Walda, Owode Onirin:
To Injiniya, ashe mun kusa haɗuwa. Ni ma ban ce a sa angil a kusurwa ba. Kusurwa huɗu da turaku biyu na ƙofa, waɗannan fayif mai inci 3 nake sa musu, mai kauri, domin su ne suke riƙe da jan waya. Turken tsakiya aikinsa kawai ya ɗaga raga kada ta kwanta, jan da ke damansa da na hagunsa suna kashe juna. Na kusurwa kuwa ana jansa ta fuska biyu, babu mai taimakonsa ta baya. Shi ya sa nake tambayar Alhaji: wancan turke da ya kwanta, an tokare shi kuwa?

Mai Raguna, Agege:
Wallahi ba a tokare shi da komai ba, Malam. Irin sauran ne sak, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, rami ɗaya. Na kuma auna guntun kamar yadda ka ce, milimita 3 ne da ƙyar. Na tuna ma cewa kowace sanda gida uku ya raba ta, ya ce mini hakan zai rage mini kashe kuɗi.

Mai Walda, Owode Onirin:
Ai ga amsar nan ta fito da kanta. Sandar mita 6 idan aka raba ta uku, kowane turke mita 2 ne. Idan aka bar mita ɗaya da rabi a sama domin raga, rabin mita kacal ya shiga ƙasa, a cikin yashin Badagry kuwa wannan ba kafi ba ne. Abin da muka gada a wurin iyayen gidanmu shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon turke ya shiga ƙasa, musamman na kusurwa. Idan kana son ƙafa 6 a sama, turken tsakiya kada ya gaza ƙafa 8, na kusurwa ƙafa 9. Sanda ɗaya za ta ba ka turaku biyu, ragowar da ta saura ba asara ba ce, da ita ake yanka gajerun guntaye a yi musu walda a gicciye a gindin kowane turke, su zama ƙafar da za ta kama kankare.

Maganar tokari kuwa, kowace kusurwa tana bukatar guda biyu, ɗaya a kan kowane layin waya, a cikin layin shingen, ta ɓangaren da wayar take ja. Ana ɗora kansa a wajen kashi biyu cikin uku na tsayin turke, gindinsa kuma a ba shi nasa ramin da nasa kankaren. Mutane da yawa suna yin tokari gajere mai tsayuwa sosai domin tsimin ƙarfe, irin wannan kuwa idan waya ta ja, sai ya zama shi ne yake taimaka wa turken ya tumɓuke sama. Gara ya yi tsawo ya kwanta. Tun da kowane gefe naka ƙafa 120 ne, da so samu ne a tsakiyar kowanne a ƙara turke mai ƙarfi guda ɗaya da tokari dama da hagu. Tazarar turakun tsakiya kuma kada ta wuce ƙafa 10, ga raguna ma ƙafa 8 ta fi kwanciyar hankali, domin sun iya goga jiki da raga.

Baba Mai Gadi, Ajah:
'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki. A garinmu da bini-da-zugu da aduruku muke shinge, a yanka reshe a kafa da damina, ya kama ya tsiro, tsatsa ba ta san da zamansa ba. Na san a nan birni ba kowa ne zai jira itace ya girma ba, busasshen katako kuma gara ba za ta bar shi ba. Amma me ya hana Alhaji ya zuba turakun kankare? Gidan da nake gadi da su aka kewaye filin baya.

Injiniya, Obalende:
Baba, Allah ya ƙara girma. Turken kankare yana da kyau ƙwarai idan an zuba shi yadda ya kamata, sai dai shi ma a cikinsa rodi ne. Idan aka yi amfani da yashi mai gishiri, ko rodin ya matso kusa da fata, tsatsa takan kumbura shi daga ciki har kankaren ya tsage ya ɓare. Duk wanda ya bi unguwannin bakin ruwa ya ga irin waɗannan turaku da haƙarƙarinsu a waje. Ga kuma nauyin ɗauka zuwa Badagry. Amma shawarar itace mai rai abin dubawa ce, domin ana iya dasa shi daga wajen raga, inda bakin dabba ba zai kai ba tun da 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, ya zama kariya ta biyu.

Manajan Gona, Epe:
Salamu alaikum. Na daɗe ina bin maganar, kuma ina ganin an tafi a kan cewa dole kowane turke sai an haƙa masa rami an zuba siminti, alhali a manyan wuraren kiwo na duniya ba haka ake yi ba. A Amurka, inda Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, turken da ya fi yawa shi ne wanda idan aka yanka shi a gicciye yake da siffar harafin T. Yana da ƙananan ƙulle-ƙulle a jere a fuskarsa da suke hana waya zamewa sama ko ƙasa, kuma kusa da gindinsa akwai faffaɗan faifai da yake shiga ƙasa ya hana shi juyawa. A Ostareliya kuma mai siffar Y suke amfani da shi, mai fukafukai uku da ramuka a jere. Dukansu buga su ake yi da wani fayif mai nauyi da aka toshe kansa, ana zura shi a kan turken ana ɗagawa ana saki. A gonar da nake aiki mun yi amfani da mai siffar Y, mutum biyu suka kafa layi guda kafin azahar. Babu kwanon siminti da ruwa zai kwanta a kai, kuma idan aka so sauya wa garke wuri sai a cire a kai gaba.

Injiniya, Obalende:
Malam Manaja, siffofin nan biyu an yi musu tunani mai kyau, kuma a ƙasa mai tauri irin jar ƙasar da ake samu a wasu sassan Ikorodu zan yarda da kai ba musu. Sai dai turken da aka buga, ƙasar da ke gefensa ce kaɗai take riƙe shi, yashin da ya sha ruwa kuwa ba ya riƙo. Su ma can ɗin da ka ambata ba sa dogara da waɗannan turaku a kusurwa, sai sun kafa manya sun tokare. Sannan abin da ya sa cire shi yake da sauƙi a gare ka, shi ne zai sa ya yi sauƙi ga wanda zai zo da dare. Filin Alhaji ba kullum ake kwana a cikinsa ba, ƙarfe kuma a garin nan kuɗi ne a hannun 'yan jari bola.

Mai Walda, Owode Onirin:
Injiniya, a yi mini afuwa a nan. Masu jari bola da yawa 'yan uwanmu ne, muna hulɗa da su kullum a kasuwa, kuma da guminsu suke ci. Ɓarawo sunansa ɓarawo, kada a shafa wa sana'a baki ɗaya. Amma maganarka ta tsaro tana nan daram, kuma wannan ƙafa ta gicciye da na ambata maganinta ke nan, domin turken da aka yi wa ita ba ya fita sai an fasa kankare.

Injiniya, Obalende:
Ka yi gaskiya Malam, na karɓi gyara, Allah ya yafe mana. Bari in koma kan wuyan turke, tun da shi ne ya kayar da shingen farko. Jan fenti shimfiɗa ce ta farko kawai, an yi shi ne domin a ɗora wani fenti a kansa, shi kaɗai ba ya daɗewa a waje. Kariyar da ta fi ita ce tsoma ƙarfe a narkakkiyar tutiya, wato farin ƙarfen nan da ake rufe kwanon rufi da shi, mai zafin wajen digiri 450, abin da 'yan kasuwa suke kira galbanayiz. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wannan aiki, ISO 1461, ta nemi ƙarfe mai kaurin da ya haura milimita 3 zuwa 6 ya sami rufin da matsakaicinsa bai gaza maikiron 70 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fayif mai sheƙi da ake naɗowa daga fallen da aka riga aka rufe kuwa, nasa rufin sau da yawa wajen maikiron 20 ne, kuma a bakin teku tutiya tana iya rasa maikiron da yawa a shekara guda. Ka ga sunan ɗaya ne amma kwanansu ba ɗaya ba ne. Wanda aka tsoma jikinsa yana da ɗan kaushi, launinsa kuma ya fi dushewa.

Idan za a tsoma, a gama yanka da huji da walda tukuna, domin duk inda wuta ta taɓa bayan haka tutiyar ta ƙone. Fayif kuma ba a tsoma shi a rufe ruf, sai an bar masa ramukan shan iska, in ba haka ba yana iya fashewa a cikin tukunya. Idan kuɗin tsomawa ya yi yawa, to a kankare ƙarfen ya fita fes, a yi jan fenti, a bi da fentin mai sau biyu, sannan a shafe gindin da fentin kwalta tun daga ƙasa har ya haura saman siminti da kamar ƙafa ɗaya. Kankaren kuma a haɗa shi siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da yashi marar gishiri, a ɗago shi sama da ƙasa kaɗan, a yi masa doro yadda ruwa zai gangara ya bar jikin ƙarfe. Kada a huda turke kusa da wuyansa domin layin waya na ƙasa sai da ƙaramin rami, kuma a bar kankare ya yi kamar mako guda kafin a ja waya.

Mai Walda, Owode Onirin:
Ina ƙara jan kunnen 'yan uwana masu sana'a a kan wannan. Hayaƙin da yake tashi idan ana walda a kan galbanayiz fari ne, kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Na taɓa kwana ina rawar sanyi a kansa ina zaton maleriya ce. A goge wurin da giranda kafin a sa wuta, a yi aikin a fili inda iska take kaɗawa, bayan an gama a shafe ɗinkin da fenti mai tutiya.

Hajiya Mai Kaji, Ikorodu:
Alhaji, kada ka manta da ƙasan raga. Ni ta nan karnuka suka riƙa shigo mini. A ja waya mai kauri a ƙasa, da tsakiya, da sama, a ɗaure ragar a jikinsu, kuma ragar ta kasance ta fuskar da dabbobin suke, domin idan sun tura, jikin turke za su tura ta, ba ɗaurin ba.

Mai Raguna, Agege:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da na tsayar shi ne fayif mai inci 3 a kusurwoyi da ƙofa da tsakiyar kowane gefe, tare da tokari, su kuma zan yi ƙoƙari a tsoma su ko da sauran ba su samu ba. Turakun tsakiya angil mai 50 da kaurin 5, ƙafa 8 tsakaninsu, da fentin kwalta a gindi. Malam Mai Walda, abin da ya rage mini shi ne ƙofa, domin ina so motar da take kawo raguna daga Arewa ta iya shiga har ciki.

Mai Walda, Owode Onirin:
Amin Alhaji. Ƙofar da babbar mota za ta shiga a yi ta mai ganye biyu, domin nauyin ya rabu a kan turaku biyu, kuma ramukansu su fi na kusurwa zurfi da faɗi. Amma kafin ka sayi ko sanda ɗaya, ka sa yaro ya haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 a kusurwar da ta fi gangare, wato wadda ta kwanta, a bar shi ya kwana. Da safe ka auna inda ruwa ya tsaya a ciki, ka ɗauko hotonsa da na ƙasar da aka fitar ka turo mana nan, da shi za mu san tsawon da za a yanka turakun kusurwa.